Fegin rani, kukan damana: wa ya sayar da hanyar ruwa?

Duk wanda ya taɓa zama gaban makirfo a gidan rediyo a wannan yanki namu ya san kowane wata da irin kiransa. Da azumi a kira kan tsadar sukari, da kaka a kira kan faɗuwar kuɗin gero. To amma da zarar watan Agusta ya kama, magana ɗaya ce tun daga Ilela da Badagishiri har Malbaza, Tsernawa da Birnin Ƙonni: ruwa ya shigo gida, katanga ta faɗi, kasuwa ta koma tafki.

A damanar 2024 wata baiwar Allah, ƴar kasuwa mai saida hatsi, ta kira mu a filin safe. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi garin ba, don abin da ya same ta ba na gari ɗaya ba ne. Shekara uku kafin nan ta kwashi adashi ta sayi fegi a bayan gari. Cikin watan Afrilu aka kai ta ta gani, wuri shimfiɗe kamar faifai, farin yashi, ga wata ƙorama a gefe wadda ko ɗigon ruwa babu a cikinta. Kuɗin bai kai rabin na fegin cikin gari ba. Ta biya, aka ba ta takarda da hatimi da sa hannun shaidu. Ta gina ɗaki biyu da ƴar mangaza, ta zuba buhunan gero da wake tana jiran su yi daraja. Damana biyu lafiya lau. A ta uku, dare ɗaya, ƙoramar nan ta cika ta batse, ta ci gindin katanga, ta shiga mangazar. Da gari ya waye waken ya kumbura ya farfasa buhuna, geron kuma cikin kwana biyu ya fara tsiro. Allah ya tsare rayuka, amma jari ya tafi.

Tambayar da ta yi mini ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta ce in takardar da ke hannunta ta gaskiya ce, wa zai biya ta, in kuma ba ta gaskiya ba ce, wa ya ci kuɗinta. A ranar ban iya ba ta amsa ba, sai haƙuri da na ba ta, kamar yadda muka saba.

Ba ita kaɗai ba ce. A lissafin da ministan cikin gida ya bayar, ambaliyar 2024 ta kashe mutum 396 a faɗin Nijar, ta kuma shafi sama da mutum miliyon ɗaya da rabi. A shekarar ne tsohon masallacin Damagaram ya rushe, a shekarar ne kuma aka ɗaga komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da yawa sun faɗi, wasu kuma waɗanda ruwa ya kora ne ke kwana a cikinsu.

Mu ma muna da bakin kogi

In aka yi maganar tsara bakin kogi, mutanenmu sai su ce wannan ai zancen ƴan Yamai ne da mutanen Gaya, mu ina muka ga kogi. Kuskuren ke nan. Muna da Maggiya, wadda ke tasowa daga duwatsun Adar wajajen Buza, ta ratso ƙasar Malbaza, ta biyo ta Tsernawa, ta wuce Ƙonni, ta tsallaka iyaka ta zube a tafkin Kalmalo, kusa da ɗaya Ilelar, wato ta Amarawa da ke jahar Sakkwato. Ilelarmu ta Sarkin Adar ba a kan Maggiya take ba, amma tana da nata ƙoramu, ga kuma kwarin Badagishiri da kowa ya san halinsa. Bambancin kawai shi ne kogin Yamai ana ganinsa wata goma sha biyu, yana tuna wa mutane cewa yana nan. Namu kuwa wata takwas ko tara yana kwance a bushe, yara na ƙwallo a cikinsa, masu amalanke na ɗibar yashi, har mutum ya manta da shi. Dillalin fegi kuwa cikin waɗannan watanni yake cin kasuwarsa.

Dattawa sukan ce a da ruwa ba ya yin wannan ɓarna. Suna da gaskiya, kuma akwai dalili. A shekarun fari, daga 1973 zuwa bayan 1984, ruwan sama ya ja baya, wurare da yawa da kakanninmu ba su yarda su kafa ko bukka ba sai suka bushe, aka shiga aka zauna. A lokacin ne kuma itatuwan tudu suka mutu ko aka sare su, ƙasa ta zama fako, tauri kamar daɓe. Yau ruwan ya dawo, kuma yakan zo da yawa a lokaci ɗaya. In ya sauka a kan fako ba ya nutsewa, gangarowa yake yi gaba ɗaya, ya taho da yashi da tsakuwa ya cike cikin ƙorama, ita kuma da cikinta ya cika sai ta nemi hanya ta gefe.

Ga wani lissafi da kowace mai awo za ta gane. Ruwan milimita ɗaya a kan mita ɗaya tsawo da faɗi, lita ɗaya ke nan. Fegi mai mita 20 kowane gefe, in aka yi ruwan milimita 80 a dare ɗaya, ya karɓi lita 32,000, wato tano 160 na lita ɗari biyu. Gida ɗaya fa ke nan. To a lissafa gidajen unguwa, kowa ya yi rufin kwano, wasu sun shafe tsakar gida da siminti, kowa kuma ya huda katanga ya tura nasa ruwan titi. Ruwan nan dole ya je wani wuri, kuma kullum wurin shi ne gidan wanda ya fi kowa gangare.

Mutanen ƙasar Bagaruwa, wadda har zuwa 2011 take cikin gundumar Ilela, sun ga abin da idonsu. Kafin 1974 Ɗan Dutsi ɗan tabki ne na damana, gonakin hatsi kewaye da shi. A damanar shekarar, daidai bayan fari, ruwan da ya gangaro daga kwarurukan Adar ya cika wurin ya haɗiye gonakin, ya zama babban tafki har wasu manoma suka koma masunta. Tun lokacin ya kamata a ce mun fahimci cewa inda ya bushe bara ba lalle ne ya bushe bana ba.

Mita 25

Yanzu ga abin da na je na binciko don amsa tambayar waccan baiwar Allah. Dokar ruwa ta ƙasarmu, wadda aka fara yi a watan Maris na 1993 aka kuma sabunta ta a watan Afrilu na 2010, ta ce duk wata hanyar ruwa, ko mai gudu kullum ce ko ta damana kaɗai, da tafkuna, dukiyar jama'a ce da ke hannun gwamnati. Iyakarta ita ce inda ruwa ke kaiwa in ya cika maƙil kafin ya malala, sannan a ƙara mita 25 daga nan. Irin wannan dukiya ba a sayar da ita, kuma daɗewa a kanta ba ya mai da ita taka, ko shekara nawa ka yi.

Mita 25 wajen taku talatin da ɗoriya ne na babban mutum. Alhaji, Hajiya, in an kai ku ganin fegi a bakin ƙorama, ku tsaya a gaɓa ku taka da ƙafarku. In ba ku cika taku talatin ba kuka iso turken fegin, to abin da ake shirin sayar muku ba na mai sayarwa ba ne, ko da kuwa gonar kakansa ce ta kai har nan. Kuma wanda ya wuce mita 25 ɗin ma kada ya saki jiki, doka ce ta tsaya nan, ruwa bai san awo ba.

To ta yaya ake samun takarda da hatimi a irin wannan wuri? Hanya biyu ce ake samun fegi a garuruwanmu. Ta farko, magada su yanka gonar gado da gari ya cim ma, su sayar, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu da mai gari ko mai unguwa. Wannan takarda shaida ce cewa wane ya sayar wa wance, kuma kuɗi sun shiga hannu. Ba ta ce wurin ya dace da gini ba, ba ta ce an bar hanyar mota ko ta ruwa ba. Irinta ce a hannun mai kiran namu. Ta biyu ita ce rabon fegi na hukuma, inda ma'auna ke zuwa su zana taswira, su fitar da tituna da filin makaranta da na kasuwa, a ba mutum takardar sallama daga ma'aikatar magajin gari. Wannan ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ita ce kuma ake bi da ita a nemi babbar takardar mallaka, titir fonsiye.

Sai dai ita ma ta biyun tana da nata ciwo, kuma gara a faɗe shi. A ƙasar nan an daɗe ana ɗaukar rabon fegi a matsayin hanyar samun kuɗi. Ƙananan hukumomi da haraji bai ishe su ba, fegi suke yankawa su toshe ɓaraka, har ita gwamnati a farkon shekarun 2000 da fegi ta biya ma'aikata wani sashe na bashin albashinsu. In rabon fegi ya zama na neman kuɗi, sai a kafa turaka a bar sauran aikin: ba kanibo, ba kadarko, ba a ma duba inda ruwan sabuwar unguwa zai bi ba. Akwai dokar tsara birane ta watan Afrilu na 2017, akwai kuma hukumomin kula da filaye, wato Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta kafa tun daga matakin gunduma har ƙauye. A takarda ba mu rasa komi ba. Abin da ya fi ƙarfin takardar shi ne yawan jama'a: garin Ƙonni da ke da mutum wajen dubu 45 a ƙidayar 2001 ya haura dubu 63 a ta 2012, kuma kowa ya san bai tsaya nan ba.

Ni dai ba na cikin masu cewa talaka ne ya jawo wa kansa. Wanda ya sayi gangare ba don yana son ruwa ba ne, abin da aljihunsa ya kai ke nan. Mai kuɗi ya hau tudu, ya yi gindin gini da dutse da siminti, ya ɗaga dakali, ruwan da ya kora kuma ya gangara gidan mai ginin laka.

Abin da aka iya yi wa gonaki

In ana neman shaida cewa ana iya aunawa a tsara, ba sai an je nesa ba. Filin noman rani na Ƙonni, wanda aka fara ginawa a rabin ƙarshe na shekarun 1970 aka kammala a farkon na 1980, da ruwan Maggiya yake rayuwa. Madatsu biyu, Mozage da Zango, su ke tare ruwan, babbar hanyar ruwa ta wajen kilomita 15 ta kawo shi ma'ajiyar Cerasa, daga nan a rarraba wa gonaki. Shekara da shekaru yashi ya cinye cikin madatsun, hanyoyin ruwa suka lalace. Ƙarƙashin yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016, ta dala miliyon 437, wadda ta fara aiki a 2018, an sa gyaran hekta 2,452 na wannan fili. Kafin a taɓa ƙasa sai da aka auna gonaki, aka rubuta sunayen masu nomansu, aka lissafa waɗanda aikin zai shafa don a biya su diyya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: an san inda kowane digon ruwa zai bi a cikin gonar albasa da alkama, da ƙofar da za a buɗe da wadda za a rufe. Unguwannin da ke maƙwabtaka da gonakin, inda mutane ke kwana da ƴaƴansu, su ma sun cancanci irin wannan awo. Ma'aunan nan ƴan ƙasa ne, wasunsu ma ƴaƴan yankin nan ne.

Can sama kuma an ga abin da ke rage ƙarfin ruwa tun kafin ya iso gari. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984 ya nuna cewa jerin duwatsu, ramukan rabin wata da ragar ƙarfe cike da dutse a cikin ƙorama suna sa ruwa ya tsaya ya nutse. Wato maganin ambaliyar Tsernawa wani sashensa a kan tudun Adar yake. Haka nan abin da muka yi da ruwan a nan yana shafar na ƙasa da mu. Masu noman bakin Kalmalo sun daɗe suna kukan cewa tafkinsu ya ja baya tun da aka yi madatsu, shi ya sa Maggiya na cikin hanyoyin ruwa huɗu da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Nijeriya ta ambata.

Mu dawo kasuwa, inda masu karatun wannan shafi suka fi sani. Ranar Laraba ta damana a Ƙonni, ko kowace ranar kasuwa a garuruwan nan, mai rumfar kwano da dakali ba ruwansa. Wadda ke shan wuya ita ce mai kasa tumatir da kuɓewa a ƙasa, mai tuyar ƙosai, mai fura, waɗanda ke zaune a bakin kwata. Su ne kuma ba sa tsallake tikiti. A ce dala goma kawai mace ke biya a rana, in ta fita kwana 300 a shekara ta zuba jaka goma sha biyar. A tara na mata ɗari biyar a gani. Wadda ke biyan wannan ba bara take yi ba in ta tambayi yaushe za a yashe kwatar da ke bayanta. Kuma maganar ta wuce ta ciniki: ruwan kwance da ya haɗu da na masai shi ne gidan zazzaɓin sauro da amai da gudawa. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu biyar a ƙasar nan, jahar Tawa na cikin inda ta fi taɓawa.

Amma iyayena mata, da ku ƴan uwana masu shaguna, ku yi mini haƙuri in faɗi namu laifin. Wa ke shimfiɗa katako a kan kanibo ya ɗora tebur? Wa ke share gaban shago ya tura sharar cikin kwata? Tun watan Nuwamba na 2014 aka yi dokar hana baƙar leda da ire-irenta a Nijar, amma ko barkonon dala biyar ka saya a leda za a ƙulla maka, ni ma da nake wannan rubutu da ita nake komawa gida. Kanibon da aka kashe miliyoyi aka gina, leda da yashi na toshe shi cikin damana biyu. Ga kuma tsofaffin kududdufai da aka haƙa don yin tubali, waɗanda su ne ke shanye ruwan unguwa: an cike su da shara, an yanka, an sayar.

Abin da ƴan kasuwa ke tsoro, kuma suna da hujja, shi ne kada gyara ya zo da katafila. Ba a manta da rusau ɗin Yamai na 2016 ba, lokacin da aka kwashe shaguna da rumfuna masu ɗimbin yawa daga bakin tituna, mutane da dama suka rasa inda za su koma. Ba a manta da Seno ba, inda aka kai waɗanda ambaliyar 2012 ta kora daga bakin kogi, da yawansu suka dawo inda suka baro saboda can ba kasuwa, ba sana'a. Mai saida abinci in ka kai ta inda ba mai wucewa, ka kashe ta ne da ranta. Saboda haka duk tsarin da za a yi wa bakin ƙorama ko bakin kasuwa, a fara da nuna wa mutane inda za su koma, a kuma yi shawarar da su tun ana zana taswira.

Wa za a tambaya? Daga zaɓen 2004 zuwa gaba akwai kansiloli da mutum zai iya tarewa a masallaci ko wurin biki. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi su riƙe. Ofishin dai yana nan, ma'aikatan filaye suna nan, Kofo na nan, sarakuna da masu unguwanni suna nan. Akwai kuma dokar watan Fabrairu na 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar neman ganin takardun hukuma. Mutum ɗaya in ya je ana iya ce masa ya dawo gobe. Ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta mata masu adashi, in suka je da shugabanninsu da takarda a rubuce, suka ce a nuna musu taswirar rabon fegi da inda aka bar wa ruwa, da abin da aka ware na yashe kwatoci a kasafin shekara, da wuya a sallame su da baki. Lokacin yin haka kuwa Maris ne da Afrilu, sa'ad da kwata ke bushe ana iya shiga da shebur. Wanda kuma zai sayi fegi, ya bari sai an yi ruwa mai ƙarfi ya je ya gani da safe, ya tambayi tsofaffin wurin, ya duba gindin katangun maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari.

Ita mai hatsin nan ta sake kira na bayan sallar layya da ta wuce, wannan karon ba a iska ba. Tana haya yanzu, ta koma awo da tiya a bakin kasuwa da hatsin da wani Alhaji ke ba ta bashi, tana kuma zuba wani sabon adashi. Fegin na nan, da rani ya bushe ƙayau kamar ranar da ta fara ganinsa. Ta ce wani dillali ya zo mata da baƙo, ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa garin, ya ga wurin ya yaba, har ya taya da kuɗin da ya fi wanda ta saya. Kuɗin zai mayar mata da jarinta. Ta ce kwana uku ke nan ba ta yi barci ba, ta gaya wa dillalin ya ba ta mako guda.